Yadda ake kiran 'yan kwana-kwana, da abin da za ka yi kafin su iso

Da yawa daga cikin mutanenmu ba su san 'yan kwana-kwana da komai ba sai jar mota da jiniya. Aikin kuwa ya fi haka faɗi. Mu ake kira idan yaro ya faɗa rijiya ko kududdufi. Mu ke yanka ƙarfe mu zaro wanda ya maƙale a mota, mu ke tono mutane idan gini ya rufta da damina. Muna duba kasuwanni da makarantu da gidajen mai mu nuna inda haɗari yake, muna koya wa jama'a riƙe tukunyar kashe gobara, kuma bayan wuta ta mutu mu ke rubuta rahoton abin da ya faru. A Najeriya jihohi suna da hukumominsu, sannan akwai ta Tarayya a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda ke aiki da dokar 1963.

Na daɗe a wannan aiki, kuma abu guda nake so ka riƙe. Duk saurin da za mu yi, akwai mintunan da ba ma wurin, kai ne a wurin. Abin da ka yi a cikinsu shi ke sa mu tarar da ɗaki ɗaya na ci, ko mu tarar layi guda ya tafi. Wannan bayani na maigida ne da uwargida, da mai shago da yaransa, da malamin makaranta, da maigadi.

Kayan da za ka tanada

Na farko lambobi. A Najeriya 112 ce lambar gaggawa, kyauta ce, ko babu kati a wayarka. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce. A Jamhuriyar Nijar ana samun 'yan kwana-kwana a 18. Amma kada ka tsaya a nan. Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin kwana-kwana mafi kusa da kai, ka karɓi lambarsu ta kai tsaye, domin 112 takan ƙi shiga a wasu wurare. Ka rubuta lambobin da manyan baƙi a bangon zaure ko bayan ƙofar shago. Wayar da ka adana su a ciki tana iya zama a ɗakin da ke ci.

Na biyu tukunyar kashe gobara. Wa gida da shago, sayi mai hoda, ta kilo 6 ko 9, domin ita ce ke aiki a kan katako da tufafi da fetur da kayan lantarki baki ɗaya. Mai shagon kwamfuta ko gyaran waya ya ƙara da mai iska, wadda ke da faffaɗan baki baƙi kuma ba ta barin ƙura a kan kaya. A mota a ajiye ta kilo 1 ko 2. 'Yan ƙananan gwangwanayen da ake tallansu a bakin titi ba sa kashe wutar kirki, kada ka dogara da su. Mai hoda tana da agogo a wuyanta, kuma dole allurar ta tsaya a kan kore. Duk wata ka sauke ta ka kifa ta ka girgiza, don hodar takan dunƙule. Ka rataye ta kusa da ƙofar fita, ba a gindin murhu ba, inda wuta za ta riga ka isa gare ta.

Sauran kayan ba su da tsada: bokiti biyu cike da busasshen yashi, bargo mai kauri na auduga ko buhun algarara, tocila, doguwar igiya mai ƙwari, jarka fanko mai murfi, guduma ko gatari, da ɗan akwati mai bandeji da almakashi da safar hannu da tsabtataccen ƙyalle. Wanda bai da kuɗin tukunya ya fara da yashi da bargo yau, ya sayi tukunyar idan hali ya samu.

Ilimin wuta da kake bukata kaɗan ne. Kamar murhu take, a kan duwatsu uku take zaune: abin da za ta ci, da iska, da zafi. Ka janye ɗaya ta faɗi. Ruwa zafi yake ɗaukewa. Yashi da bargo da murfin tukunya iska suke toshewa. Rufe kan gas ko janye kaya daga gabanta abinci ne ka hana ta.

Mataki na 1: Shiri tun ana zaune lafiya

Ka tara mutanen gidan ka nuna wa kowa, har matan gida da yara masu wayo, inda ake kashe wutar lantarki gaba ɗaya. A gidaje da yawa maigida kaɗai ya san wurin, shi kuma yana kasuwa. Ku tsayar da wuri guda a waje, kamar ƙofar masallaci ko gindin wata bishiya, inda kowa zai je idan wani abu ya faru.

Sai ka dubi ƙofofi da tagogi. Tsoron ɓarayi ya sa mun ɗaure gidajenmu da ƙarafa da kwaɗo uku uku, kuma na sha tarar da gidan da wutar ba ta kai ta kashe kowa ba, rashin hanyar fita ne ya kashe. A kowane sashe a samu taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗuwa, makullinta a rataye kusa da ita inda hannu zai same shi cikin duhu. Idan za ka fita, kada ka kulle yara ta waje.

Ka kuma shirya kwatancen gidanka tun yanzu, ka faɗe shi a bakinka ka ji ko baƙo zai gane.

Lokacin da ya fi kamata a yi wannan shiri shi ne shigowar hunturu, sa'ad da komai ya bushe, iska na kaɗawa, ana shiga ɗaki da kaskon wuta, ana jona hita a bokiti a manta. Dubi manyan gobarar kasuwanninmu: ta Sabon Gari a Kano a watan Maris na 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na 2021, Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Duk a tsakanin Janairu da Maris suka faɗo. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mai shago ya mayar da shi al'ada: ba a sa kwaɗo da yamma sai an kashe komai daga makunnin shagon, domin wutar da aka kawo da ƙarfi cikin dare ba ta tarar da kowa sai kaya.

Mataki na 2: Yi ihu, fitar da mutane

Da ka ga wuta ko hayaƙin da ba ka gane ba, ɗaga murya ka ce "Gobara!" Kada ka ji kunyar tara jama'a a kan abin da zai iya zama ƙarami. Fara da yara da tsofaffi da marasa lafiya. Yara ƙanana idan sun tsorata ɓuya suke yi, a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa ko cikin kwaba, saboda haka ka leƙa ka kira sunayensu. A wurin taruwa a ƙirga kowa. Wanda ya fito ya fito, ba mai komawa ɗauko kuɗi ko takardu ko kayan ɗaki.

Mataki na 3: Kira, tun wutar tana ƙarama

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne jinkirin kira. Mutane sai sun gama gwada ƙarfinsu da bokitai, wuta ta haye silin ta kama rufi, sannan wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana. Wani lokaci ma kowa ya ɗauka wani ya kira, alhali ba wanda ya kira. Kai ka nuna mutum guda da yatsa ka ce, "Malam, kai mai farar hula, kira wannan lambar yanzu." Idan muka zo muka tarar kun kashe, ba laifi, ba kuma wanda zai ce ka biya kuɗin zuwa. Mun fi son haka sau dubu.

Idan an ɗauka, ka yi magana a tsanake, a wannan jeri:

Me ya faru. "Gobara ce a gida," ko "Yaro ne ya faɗa rijiya."

A ina. Faɗi unguwa, sai babban titi, sai wata alama da kowa ya sani, kamar masallacin Juma'a ko makarantar firamare ko gidan mai, sai yadda za a karkata daga nan. "Bayan gidan Alhaji" ba kwatance ba ne. Idan lungunku ba ya ɗaukar babbar mota, faɗa tun a waya, ka ba da hanyar da za ta fi kusantowa.

Me ke ci. Ɗaki ne, shagon katifa ne, janareta ne, akwai tukunyar gas ko jarkokin fetur a ciki, bene ne ko ƙasa. Wannan ne ke gaya mana ko ruwa za mu yi aiki da shi ko kumfa, ko mota ɗaya ta isa.

Akwai mutum a ciki ko babu, kuma akwai wanda ya ji rauni.

Sunanka da lambarka. Kada ka riga su kashe waya, kuma ka bar layin a buɗe don direba zai iya nemanka a hanya.

Idan waya ta ƙi shiga, kada a tsaya ana ta sake bugawa. Wani ya hau babur ya tafi ofishin kwana-kwana kai tsaye, wani ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ina kuma roƙon iyaye su ja wa yara kunne a kan kiran ƙarya. Motar da ta fita banza, wani gida ne aka hana ita.

Mataki na 4: Katse lantarki da gas

Ka kashe wutar gidan daga babban makunni, ko ka zare fis, da busasshen hannu, kana tsaye a busasshen wuri. A kashe janareta. Ko an ɗauke wuta a lokacin, ka kashe, don ana iya kawo ta ana tsakiyar watsa ruwa. Mai sola ya sani cewa kashe wutar kamfani bai kashe nasa ba: a kashe inbata, kuma a gaya mana akwai batura da faifan sola a rufi, domin muddin da rana suna ba da wuta.

Idan wayar da ke kan turke ce ta tsinke ta faɗo, kowa ya ja da baya, a kira kamfanin wuta. Ba a ɗage ta da sanda.

Mataki na 5: Kashe ta, idan ta kashewa ce

Ka gwada kashe wuta da kanka ne kawai idan ba ta wuce tsayinka ba, hayaƙi bai cika ɗakin ba, kuma ƙofa tana bayanka. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓaci, fita ka ja ƙofar.

Ga yadda ake aiki da tukunya. Tsaya kamar taku uku daga wutar. Zare fil ɗin da ke maƙale a hannunta. Saita bakin tiyon a gindin wutar, wato abin da ke ci, ba harshenta da ke sama ba. Matse hannun, ka riƙa kaɗawa dama da hagu kana matsowa a hankali. A waje, ka juya wa iska baya. Ka sani tukunyar kilo 6 ko 9 ba ta wuce kimanin daƙiƙa 15 zuwa 20 tana feshi, don haka babu na ɓatawa a sama. Idan ta ƙare wutar na nan, fita. Mai iska kuma kada ka riƙe bakinta da hannu, sanyinsa yana ƙona fata. Tukunyar da aka taɓa matsawa, ko sau ɗaya ne, sai an kai an sake cika ta.

Yanzu irin wutar, don a nan ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

Katako, katifa, tufafi, zana, takarda: ruwa ya dace, bayan an katse lantarki.

Man girki da ya kama a kasko: ke uwargida, ko mai suyar ƙosai da awara, kada ki kuskura ki zuba ruwa. Ruwan yana nutsewa ƙarƙashin man ya tafasa nan take, ya watso man mai wuta a fuska da rufi. Kashe murhun, ki zura murfi daga gefe ki rufe kaskon, ko ki lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul da aka matse sosai. Ki bar shi a rufe har ya huce. Kada ki ɗauki kaskon ki nufi waje da shi.

Fetur, kananzir, janareta, babur: ruwa ɗaukar man yake ya yaɗa wutar. Yashi ko ƙasa ko tukunyar hoda. Yawancin gobarar janareta daga zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi take tashi.

Kayan lantarki: katse wuta tukuna. Kafin a katse, ba ruwa, sai tukunya ko busasshen yashi.

Gas yana da hali biyu. Idan wari kawai kika ji, babu wuta, kada a taɓa makunnin fitila ko fanka, kunnawa ko kashewa, kada a ƙyasta ashana. Rufe kan tukunyar, buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da ita fili. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka a ba shi lokaci ya fice. Wurin da yake zuba da ruwan sabulu ake gane shi, inda ya yi kumfa. Idan kuwa wuta ce a kan tukunyar kuma hannu zai iya kaiwa, naɗe hannu da jiƙaƙƙen tawul a murɗe kan, wutar za ta mutu da kanta. Hure wutar a bar gas na fita ya fi barinta tana ci haɗari. Amma idan tukunyar tana tsakiyar wuta tana gasuwa, kowa ya yi nisa, a bar mana ita.

Idan tufafin mutum suka kama, gudu ƙara musu iska yake. Ya tsaya, ya kwanta, ya rufe fuska, ya yi birgima. Na kusa ya lulluɓe shi da bargo daga wuya zuwa ƙasa. Hijabi da mayafi masu santsi narkewa suke su manne a fata, shi ya sa nake roƙon mata su tattare su kafin su matsa kusa da murhu.

Mataki na 6: Idan hayaƙi ya rutsa da kai

Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, musamman na katifar soso da roba da silin ɗin roba. Sama yake taruwa, saboda haka ka durƙusa ka yi rarrafe kana bin bango. Kafin ka buɗe ƙofa, taɓa ta da bayan hannu. Idan da zafi, wuta na bayanta, nemi wata hanya. Duk ƙofar da ka wuce ka ja ta. Idan babu mafita, rufe ƙofar ɗakin, toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen zane, je taga ka yi ta kira kana kaɗa ƙyalle ko haska tocila. Jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci yana rage toka, amma ba ya tace guba, don haka kada ya ruɗe ka ka koma ciki.

Mataki na 7: Share hanya, tarbi motar

Ka tura yaro mai wayo ko biyu bakin babban titi su tsaya su ɗaga hannu. A janye motoci da adaidaita sahu da tebura daga layin. A kasuwa wannan shi ne rabin aikin, domin hanyar da aka bari don mota sau da yawa rumfuna sun cinye ta. A samu dattawa ko 'yan sintiri su tare 'yan kallo da masu ɗaukar hoto, su kuma sa ido a kan kayan da aka fitar.

Da mun sauka, mutum ɗaya ya yi magana da shugaban tawaga: wa ya rage a ciki, a wane ɗaki aka gan shi na ƙarshe, an katse lantarki ko a'a, ina gas da fetur suke. Mutum goma suna ihu lokaci guda ba a jin ko ɗaya.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ke jawo mana jifa. Ana cewa 'yan kwana-kwana sun zo da rabin tanki. Gaskiyar ita ce mota lita 'yan dubbai take ɗauka, tiyo kuma yana fitar da ɗaruruwan lita a minti ɗaya, don haka cikin 'yan mintuna tanki ke ƙarewa. A garuruwan da aka tsara da famfunan gobara a bakin titi, jonawa ake yi a ci gaba. Yawancin unguwanninmu babu su, sai mota ta koma ɗibowa. Taimakon da za ku yi shi ne ku nuna mana ruwa mafi kusa: gidan da ke da burtsatse da babban tanki, kududdufi, gidan ruwan leda, wurin wankin mota. 'Yan ga-ruwa su jiƙa rufi da bangon maƙwabta. Idan ka ga mun bar ɗakin da ke ci muna watsa wa na kusa da shi, ba rashin tausayi ba ne, wancan ya riga ya tafi, wannan ake ƙoƙarin tsarewa. Wanda ya fasa gilashin motar don haushin an makara, unguwarsa ya cuta, don gobe ita za a nema.

Mataki na 8: Wanda ya ji rauni

A Najeriya motar ɗaukar marasa lafiya galibi a hannun asibitoci da ma'aikatar lafiya da Hukumar Kiyaye Haɗurra take, ba kowane ofishin kwana-kwana ke da ita ba. Shi ya sa tun a waya za ka ce akwai mai rauni, don a turo ta. A Nijar 'yan kwana-kwana da kansu ke ɗaukar waɗanda suka yi haɗari zuwa asibiti. A unguwa kuma kada a manta da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da na Red Cross, da yawansu sun sami horo.

Ƙuna: a kwarara ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa, a kan wurin har minti 20. Ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne a bar ta, a yanke kewayenta. A rufe da tsabtataccen ƙyalle ko sabuwar leda, ba auduga ba. Ina roƙonku don Allah, ban da makilin, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja, gishiri, toka ko baƙin mai. Zafi suke riƙewa, su sa wurin ya ruɓe, kuma sai an kankare su a asibiti mai ciwo yana kuka. Kada a fasa bororo. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu, gaba ko gaɓa, ko ta lantarki, ko ta jikin ƙaramin yaro, ta asibiti ce. Yaro a lulluɓe sauran jikinsa yayin da ake zuba ruwan, don kada sanyi ya kama shi.

Wanda ya shaƙi hayaƙi, idan muryarsa ta dushe, ko akwai baƙi a hancinsa da bakinsa, a kai shi asibiti ko da yana tafiya da ƙafarsa, domin maƙogwaro yakan kumbura daga baya. Haka idan mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai da jiri da amai, alhali an kwana da janareta a kusa ko gawayi a ɗaki, a fitar da su iska a tafi asibiti. Gubar da ke cikin wannan hayaƙi ba ta da wari.

Wanda ya suma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, a ɗan ɗaga haɓarsa. Kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja. Idan ba ya numfashi, kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya iya ya hura masa iska sau 2 bayan kowane danni 30. Wanda bai iya ba ya ci gaba da danni kawai. Idan ka gaji wani ya karɓa, ba a tsayawa sai ya motsa ko ma'aikata sun karɓe ka.

Jini a danne shi da ƙyalle a riƙe. Wanda ya faɗo daga sama ko mota ta buge shi, kada a ja shi ko a naɗe shi a kan babur. Idan dole a ɗauke shi, a sa ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a sa shi a mota mai buɗaɗɗen baya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, ka san da wannan.

Mataki na 9: Rijiya, kududdufi da tankar mai

Idan mutum ya faɗa rijiya ko masai, abu mafi wuya shi ne hana 'yan'uwansa bin sa, kuma shi ne ya zama dole. A ƙasan rami iskar shaƙa takan ƙare, ko guba ta taru. Na farko ya shiga ya yi shiru, na biyu ya bi shi, sai a wayi gari gida ɗaya ya yi rashin mutum uku. A kira mu nan take, muna da abin shaƙar iska da igiyoyin sauka. Kafin mu zo, a zura igiya mai maɗauki da jarka fanko a rufe ya riƙe, a zura tocila, a yi ta yi masa magana. A hana jama'a taruwa a baki don kada ƙasa ta zabtare. Ba a zura fitilar kananzir ko wani abu mai harshen wuta a masai, ba a kuma tayar da injin a cikin rami.

A kududdufi, wanda bai iya ruwa sosai ba ya miƙa gora ko ya jefa igiya da jarka daga gaɓa. Idan an fito da yaro, kada a ɓata lokaci ana juya shi ƙafa sama ko ana danna cikinsa wai ruwa ya fita. Idan ba ya numfashi, a fara da hura masa iska, sannan danna ƙirji. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti.

Tankar mai idan ta faɗi, ba abin da za ka yi sai nisa da kira. Tururin fetur yana bin ƙasa da kwata ya yi tafiya mai nisa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka rasu a wurin kwasar mai. An sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025, kamar yadda ya faru a Yamai a watan Mayun 2019. Na san halin da ake ciki na tsadar rayuwa, amma jarka ɗaya ba ta kai wannan ba. A tare hanya daga nesa, a kashe injina, a koma ɓangaren da iska ke fitowa, limamai da masu unguwa su hana matasa matsawa.

Mataki na 10: Bayan wuta ta mutu

Kada a koma ciki sai mun ce a shiga, domin bango da rufin da suka gasu suna iya ruftawa. Katifa da auduga da buhunan hatsi suna riƙe wuta a cikinsu, a fito da su fili a barbaza a jiƙa, a kuma sa mai gadi ya kwana yana dubawa. Kada a mayar da lantarki sai ƙwararren mai gyaran wuta ya bi wayoyin. Abincin da hayaƙi ko hoda ya taɓa a zubar.

Ka ɗauki hotunan ɓarnar, ka rubuta abin da ya salwanta, sannan ka je ofishinmu ka nemi rahoton gobara. Shi za ka nuna wa kamfanin inshora, ko hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ko wurin sake neman takardun da suka ƙone. Ka faɗi gaskiyar abin da ya tayar da wutar, ko fetur ne ka ajiye a ɗaki, don da shi muke gargaɗin wasu.

Dubawa da horarwa kuma ba sai an yi gobara ake neman su ba. Shugaban kasuwa, ko mai makaranta, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar unguwa su rubuta takarda zuwa ga shugaban hukumar kashe gobara ta jiha ko ofishin yankinsu, su faɗi wurin da adadin mutanen da ranar da suke so. Makarantun kwana da na allo da masu azuzuwan zana su fi kowa gaggawar wannan, domin gobarar makarantun Yamai da Maraɗi a 2021 ƙananan yara ta ci a azuzuwan zana. Idan takardar shaidar kariya daga gobara kake nema wa gini ko gidan mai, akwai kuɗin da gwamnati ta tsayar, ka biya ta hanyar da aka tanada ka karɓi rasit. Ranar horon a zo da mata da masu gadi da yaran shago, a kuma tanadi tukunyar kashe gobara ɗaya da za a gwada, kowa ya ga yadda ake zare fil da idonsa.